Shaida Ko Tonon Asiri?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana raba kan masu hankali, ina kuwa so mu zauna mu dube ta tare, tun da ya ke yanzu kun iya karatu, littafi ba ya gagarar ku. Tambayar ita ce: ko ya dace mutum ya ɗauki alƙalami ya ƙaga labari a kan wahalar da ma'aikata ke sha wajen neman abinci, ya bayyana yunwarsu da bashinsu da irin ɗakin da su ke kwana, sa'an nan ya buga a littafi duniya ta karanta? Waɗansu sun ce wannan ƙarya ce, domin mutanen da ke cikin labarin ba a taɓa haihuwarsu ba. Waɗansu kuwa sun ce abin ya fi ƙarya muni, tonon asiri ne, alhali ba abin da talaka ke roƙon Allah safe da maraice kamar rufin asiri. Maganganun nan biyu suna da nauyi, ba kuwa wawaye suka faɗe su ba.

Kada wani ya ce wannan gardamar Turawa ce, ina ruwanmu. Mu mazauna Kaduna na wannan gefen kogi, ko a Kawo mu ke, ko Unguwar Shanu, ko Tudun Wada, in muka haye gada muka yi kudu, ba za mu yi nisa ba sai mu iske Kakuri. A nan ne cikin 1957 aka buɗe masaƙar da a ke kira Kaduna Textiles, wadda Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta kafa tare da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Da akoko ta fara, da audugar ƙasarmu, irin wadda a ke nomawa wajen Funtuwa da Zariya da Gusau. Cikin shekarun 1960 waɗansu masaƙun suka biyo baya, kamar su Nortex da United Nigerian Textiles da Arewa Textiles, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa a Nijeriya. Dubban mutane suka baro garuruwansu suka zo, da Bahaushe da Bajju da Tibi da Igala, suka tare a Kakuri da Makera da Nasarawa, su kama ɗaki ɗaya mutum uku ko huɗu.

Aikin da suka tarar dabam ya ke da saƙar da muka gada. Masaƙin gargajiya ya kan kafa kayansa a gindin itace, ya jefa ƙoshiya yana taɗi da maƙwabcinsa, in ladan ya yi kira ya ajiye ya tafi masallaci. Zarensa ne, lokacinsa ne. A babbar masaƙa kuwa inji ba ya barci, saboda haka aka raba ma'aikata kashi kashi, waɗansu su shiga da safe, waɗansu da rana, waɗansu su kwana a tsaye. Ƙarar injunan saƙa ta kai mutum ya yi wa na kusa da shi magana da hannu, kamar bebe. A ɗakin da a ke sharce auduga, ƙurarta tana tashi kamar hazo, ta sauka a gashin kai da gira, ta bi numfashi ta shiga ƙirji, likitoci kuwa sun tabbatar wanda ya daɗe yana shaƙar ta ya kan kamu da ciwon huhu. Duk da haka aikin abin so ne, kada mu manta da wannan. Da albashinsa aka yi aure, aka sayi keke da rediyo, aka sa yara makaranta, aka aika wa tsofaffi kuɗin haraji a ƙauye. Daga baya al'amura suka juya. Wutar lantarki ta yi ƙaranci, baƙin man da a ke hura tukunyar inji da shi ya yi tsada, injuna suka tsufa, atamfar waje mai araha ta cika kasuwa ta hanyar fasa-ƙwauri. Aka rufe Kaduna Textiles cikin 2002, waɗansu masaƙun suka bi ta cikin 'yan shekaru. Ma'aikatanta suka shafe shekara da shekaru suna bin kuɗinsu na sallama, da yawa suka riga mu gidan gaskiya ba su karɓa ba.

To, ga rayuwar dubban mutane daga farkonta har ƙarshenta, tsakaninmu da ita faɗin kogi kawai. Shin a rubuta ta, ko a ja bakin alƙalami?

Wani abin mamaki shi ne, kamfanin nan na Whitehead daga Lankashaya ya fito, watau yankin Ingila inda masaƙun inji suka fara bunƙasa a duniya, kuma a can ne aka fara wannan gardama fiye da shekara ɗari kafin a aza tubalin Kakuri. Cikin 1848 wata mata mai suna Elizabeth Gaskell, matar wani limamin Kirista a birnin Manchesta, ta buga littafi mai suna Mary Barton. Ta daɗe tana shiga gidajen ma'aikata, ta ga yadda iyali ke kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai laima, ta ga yadda yara ke mutuwa sa'ad da aiki ya tsaya. Ta ƙaga wani masaƙi wanda ɗansa ya mutu cikin rashi, baƙin ciki ya ci zuciyarsa, har ya kai ga kashe ɗan mai masaƙa. Cikin 1854 kuma Charles Dickens ya fitar da Hard Times, watau zamanin wuya, a kan wani gari na ƙage wanda hayaƙi ya baƙanta. Shi Dickens ya ɗanɗana abin da kansa, domin yana ɗan shekara 12 aka ɗaure ubansa saboda bashi, shi kuwa aka kai shi aikin liƙa takarda a kwalaben man goge takalma. A Faransa, Emile Zola ya tafi wajen masu haƙar kwal a Anzin cikin 1884, lokacin suna yajin aiki, ya sauka cikin rami da kansa, ya tambaya ya rubuta, kana ya fitar da Germinal cikin 1885. Irin wannan rubutu shi a ke nufi da labarin zahiri: babu aljani, babu zoben sihiri, sai mutum da cikinsa da maigidansa da ranar biya.

Bari mu fara da masu cewa ƙarya ce. Wannan shakka tsohuwa ce a ƙasarmu. Sa'ad da Dokta Rupert East na ofishin talifi na Zariya ya zaga yana neman malamai su shiga gasar ƙaga labari cikin 1933, ya tarar da yawansu suna ganin wannan aikin tatsuniya ne, na mata da yara, bai kamaci mai ilmi ba. Amma mu tambayi kanmu, mene ne ƙarya? Ƙarya ita ce ka faɗa wa mutum abin da ba haka ya ke ba, da nufin ya ɗauka haka ne. Mai tatsuniya ba ya ruɗin kowa, tun daga "ga ta nan ga ta nanku" ya sanar, in ya gama kuma ya jingina abin ga Gizo. Mai ƙaga labari ma haka, an san mutanensa na ƙage ne tun daga bangon littafi.

Ni aikina akawu ne, na san abin da littafin albashi ke iya ɗauka da abin da ba ya iyawa. Akwai layin suna, da na lamba, da na kwanakin aiki, da na abin da aka yanke. In mutum ya yi fashin kwana uku, alƙalami zai rubuta uku, a yanke kuɗin uku. Gaskiya ce tsantsa, ba ƙari ba ragi, ko gaban alƙali za a iya rantsuwa a kanta. Amma babu layin da za a rubuta cewa 'yarsa ce ta kwana uku da zazzaɓi a asibiti, ko cewa kuɗin da aka yanke ɗin shi ne ya yi wa mai gida alkawari na haya, ko irin kallon da matarsa ta yi masa da ya shigo da la'asar hannu rabbana. Wanda ya karanta littafin albashi kaɗai zai ce wannan lamba ta cika fashi. Ashe ka ga ana iya haɗa gaskiya da gaskiya har su haifi zato na ƙarya. Abin da ya faɗo tsakanin layukan nan, shi mai labarin zahiri ke tsinta. Ya dubi mutum goma ko ashirin, ya ɗauki tarin wannan, da bashin wancan, da dariyar wani, ya gina mutum guda ya ba shi suna. Mutumin ba ya cikin rajistar ko wace masaƙa, amma duk wanda ya taɓa aikin dare in ya karanta zai ce, wallahi na san shi.

Amma fa a nan nauyi ya ke hawa kan marubuci, nauyin da mai labarin Gizo bai ɗauka ba. Da Alhaji Imam na cikin Ruwan Bagaja ya ce ya yi tafiyar da ba a yi, ba wanda zai tuhumi Abubakar Imam, domin don nishaɗi da wayo aka shirya littafin. Mai labarin zahiri kuwa ya yi wa mai karatu alkawari: sunan na ƙage ne, halin na gaskiya ne. Saboda haka a wurinsa ƙarya tana yiwuwa, sai dai ta sauya mazauni. In ya ce ana aikin awa goma sha biyu alhali takwas a ke yi, ya yi ƙarya. In ya rage albashi don a ƙara jin tausayi, ya yi ƙarya, ko da niyyarsa ta taimako ce. Kyakkyawar niyya ba ta halatta shaidar zur.

Manyan nan ma da na ambata ba su kuɓuta daga zargi ba. Masu masaƙun Manchesta sun yi kuka cewa Mary Barton ya nuna wuyar ma'aikaci ya ɓoye tasu, domin su ma in kasuwa ta faɗi su kan karye. Matar ta ji kukan, ga alama, don a littafinta na baya, North and South, na 1855, ta ba mai masaƙa baki ya faɗi nasa, ba ta kuma fasa nuna wata yarinya da ƙurar auduga ta cika wa huhu har ta mutu ba. Dickens kuwa 'yan kwanaki kaɗan ya yi a garin Preston, inda a ke rikicin masaƙa, kafin ya rubuta nasa. Ya so ma'aikata, amma bai zauna da su ba, sai ya mai da jagoran ƙungiyarsu wani mai surutu maras amana, ya mai da mutumin kirkinsu mai haƙurin da ba ya ɗaga murya. A ganina wannan shi ne raunin littafin. Wanda bai san mutane ba, ko ya so su, ya kan mai da su waliyyai ko dabbobi, domin waɗannan biyu sun fi sauƙin zanawa. Ma'aikacin gaskiya ya kan yi salla ya kuma yi gulma, ya kan taimaki abokinsa ranar rashi, wata rana ya kai ƙararsa wurin heluma don a ba shi gurbinsa. Shi heluman ma da a ke tsoro, akwai wanda ya ke tsoro a samansa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma mai rubutu na gari dole hancinsa ya ji duka biyun.

Magana ta biyu, ta tonon asiri, ita ta fi damuna. Mu mutane ne masu kunya. Magidanci ya kan kwana da yunwa, gari ya waye ya sa rigarsa mai guga ya fita, in an ce ina kwana ya ce lafiya lau. Wannan rigar ita ce mutuncinsa, wani lokaci ita kaɗai ta rage masa. Wa ya ba marubuci izinin ɗage ta? An kuma koya mana tun muna makarantar allo cewa giba babban laifi ce, ko da abin da aka faɗa gaskiya ne.

Sai dai malaman da suka koya mana wannan, su ne kuma suka koya mana cewa wanda aka zalunta yana da damar faɗin zaluncin ga mai iya kawar da shi, kuma ɓoye shaida laifi ne. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da kansa, a cikin Kitabul Farƙi, ya jera ayyukan sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya, da harajin da ba bisa ƙa'ida ba, da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara, da ƙwace kayan talaka a kasuwa. Bai kira wannan giba ba. Akwai asiri iri biyu da mu kan rufe da mayafi ɗaya. Akwai asirin mutum, cewa wane ɗan wane yau ba a ɗora tukunya a gidansa ba, wannan wajibi ne a rufe shi. Akwai kuma asirin al'amari, cewa akwai ɗaruruwan gidaje irin nasa a bayan masaƙa, kuma ga dalilin da ya jawo. In aka rufe wannan na biyu, wanda ya riƙe kuɗin sallama ne ya sami sutura, mai yunwa yana nan da yunwarsa. Abin da na ke yaba wa ƙagaggen labari shi ne yana iya buɗe na biyun ba tare da ya taɓa na farkon ba. Jarida sai ta faɗi suna da unguwa, har da hoto. Mai labari kuwa ya canza suna, ya canza gari, ya bar ciwon a fili likita ya gani, ya rufe fuskar majiyyacin.

Duk da haka akwai marubucin da ke cin abinci da ciwon talaka kamar yadda ƙuda ke yi. Ya kan tara ƙazanta da hawaye shafi bayan shafi, don masu hali su karanta a kan kujera su girgiza kai su ji daɗin cewa su masu tausayi ne. Alamarsa ita ce, talakan cikin littafinsa ba ya dariya, ba ya dabara, ba ya da ra'ayi, kuka kaɗai ya iya. Wannan tonon asiri ne ko da an canza suna sau goma, domin ya tuɓe wa jama'a guda mutuncinsu gaba ɗaya.

Wani zai ce, to, in an rubuta ɗin, me zai gyaru? Kada mu ɗora wa littafi kayan da ya fi ƙarfinsa. Dokar Ingila da ta hana sa yaron da bai kai shekara 9 ba aikin masaƙa an yi ta cikin 1833, wadda ta tsai da aikin mata da matasa a awa goma kuma cikin 1847, duk kafin littattafan nan su fito. Binciken majalisa da gwagwarmayar ma'aikata su suka kawo su. A Amurka an ga wani abu mai ban dariya da ban takaici. Upton Sinclair ya yi mako bakwai cikin ma'aikatan mahautar birnin Shikago, ya fitar da The Jungle cikin 1906 don a ji tausayin baƙin da ke aiki a wurin. Jama'a suka karanta, hankalinsu ya tashi ƙwarai, amma a kan ƙazantar naman da su ke ci. Cikin watan Yuni na shekarar aka yi dokar duba nama, mahautan kuwa aka bar su da albashinsu yadda ya ke. Littafi ba ya ƙara wa kowa sisin kwabo ranar biya. Abin da ya ke yi a hankali ya ke yinsa: ya sa wanda ke zaune a Unguwar Rimi, wanda bai taɓa leƙa ɗakin sharce auduga ba, ya kwana ɗaya cikin ƙirjin wanda ke tari a can. Ran da maganar ta zo gabansa a ofis ko a majalisa, ba zai iya cewa bai sani ba. Da aka yi jana'izar Zola cikin 1902, masu haƙar kwal sun aiko wakilai, suna tafe suna kiran sunan littafin nan nasa. Bai rage musu zurfin rami ba, amma sun ga ya ba da shaidarsu daidai.

Saura tambayar wa zai rubuta namu. Littattafan Hausa da suka yi suna ba su guji zahiri ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna zafin bauta ta hanyar uwa mai neman ɗanta, Jiki Magayi ya nuna yadda mai dukiya ke raba talaka da wadda ya ke so, Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi ɗan ƙauyen da birni ya ruɗa, Balaraba Ramat Yakubu kuma ta buɗe ƙofar cikin gida a Alhaki Kuykuyo Ne. Amma sarki da ɓarawo da masoya sun fi samun wurin zama a littattafanmu bisa ga mai aikin dare. Mawaƙa sun ɗan fi mu kula, don Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa da kuntiginsa, har mutane suka fara duban yaron da ke maƙale a bayan babbar mota da wani ido.

Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ku dubi Usman Sembene na ƙasar Senigal. Bai yi nisa a makaranta ba, ya yi su, ya yi birkila, ya yi soja, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marsel a Faransa, a can ya koya wa kansa rubutu. Cikin 1960 ya fitar da littafinsa a kan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Dakar zuwa Bamako, wanda aka fara cikin Oktoba 1947 aka gama cikin Maris 1948. Abin da Dickens ya kasa shi ya iya, don ya san yadda ma'aikata ke musu a taronsu, ya san matan da suka riƙe gidaje wata biyar ba albashi. Da Faransanci ya rubuta, da ya ga mutanensa ba sa iya karantawa sai ya koma shirya fim da harshensu. Ku ba ku da wannan matsala. Da Hausa kuka koyi karatu, da Hausa kuwa aka yi yawancin taɗin bakin ƙofar masaƙa.

A cikinku akwai waɗanda suka yi aikin, ko iyayensu suka yi. Tsofaffin ma'aikata suna nan a Kakuri da Makera, waɗansu suna gadi, waɗansu sun koma gona, kullum kuwa raguwa su ke yi. Wanda zai rubuta ya haye gada ya zauna da su, ba sau ɗaya ba. Ya tambayi nawa ne albashin farko, me aka saya da shi, ƙarfe nawa a ke canjin aiki, wa ke sai da abinci a bakin ƙofa, yaya a ke yi da salla da azumi a aikin dare, me aka ce musu ran da aka rufe. Ya nemi izini kafin ya rubuta, in ya gama ya koma ya karanta musu. In tsoho ya ce a cire wani wuri, a cire. A kuma lura da lissafi: kafin 1973 da fam da sule a ke biya, daga nan naira ta shigo, wanda ya karɓi albashi a zamanin biyu zai gane nan da nan in an gauraya su.